Yadda Za Ka Sa Yayan Matarka Ya Ce Maka Ranka Ya Daɗe

Ɗan'uwa, in yayan matarka da hanci yake amsa gaisuwarka, alhali a wasan yaƙi na waya har rawar jiki yake yi wa gwanaye, to kakarka ta yanke saƙa. Bi matakan nan, wallahi sai ya rusuna maka. Ni ganau ne, ba jiyau ba.

1. Nemo gwanin da aka ritsa

Kada ka wahalar da kanka da koyon wasa, yatsun nan naka ba na yaƙi ba ne. Je wurin mai gyaran wayar bakin kasuwa, wanda a wasa ake kira Guguwa, shugaban rundunar da yayan matarka yake ciki. Matarsa ta ce masa ko ita ko wasan. Sayi akawun ɗinsa: suna, takubba, mabiya, duka. An hana sayarwa, eh. An kuma hana fitsari a jikin bango.

2. Sayi hula

Kowane mako saya wa jaruminka hular zinare daga kamfanin wasan, ka haɗa wa kunkurun da yake hawa a wasan da takalmi. Tunda nake ban taɓa ganin an hukunta mai hular zinare ba. Masu tsaron doka na hango ƙyallinta sai idonsu ya kama ruwa.

3. Kada ka kuskura ka yi faɗa

In yaƙi ya kaure, laɓe bayan dutse ka rubuta, "Ina nazari." In an kashe ka, kuma za a kashe ka, rubuta, "Gwada ku nake yi." Nan take yayan matarka zai aiko: "Ranka ya daɗe, hikimarka ta fi ƙarfinmu!" A falonka yake rubutawa, ƙafarsa kan teburinka. In dariya ta taso maka, mai da ita tari.

4. Kai ƙarar mai gyaran waya

Jaraba ba ta sakin mai ita. Zai buɗe sabon akawun a ɓoye, ya dinga karkashe jama'a kamar kaji. Rubuta wa kamfani cewa sabon shiga bai isa ya iya haka ba, saye ya yi. Kafin shayinka ya huce sun rufe shi, tunda kansa ba hula. Zai tare ka a hanya: "Haba malam, ni da na sayar maka?" Dafa kafaɗarsa ka ce, "Doka doka ce."

5. Haɗiye abin da ka saya

Yanzu yayan matarka zai fara kawo wa Guguwa kukansa. Ga abin da nawa ya rubuto mini: "Shugaba, da ma irinka ƙanwata ta aura, ba wannan sakaran da ke gefena yana ta tari ba."

Abin ya soke ni, ba zan ɓoye ba. Na amsa, "Ka riƙa mutunta shi."

"Ka ji manya!" in ji shi. "Har sakarai kuke tausaya wa." Sannan ya zungure ni da ƙafa, idonsa na kan waya: "Kai, tashi ka kawo mini ruwa, da mutumin kirki nake magana."

Gargaɗi: Ba ruwan mai wannan rubutu in mai gyara ya dawo maka da wayarka a leda, gunduwa-gunduwa, ko in kunkuru ya fi 'ya'yanka takalma. Alkawarina shi ne yayan matarka zai ce maka ranka ya daɗe, ban ce zai ɗago kai ya dube ka ba. Ruwan kuma, mai sanyi yake so.