Bakanikenmu Ya Samu Muƙami

Ranar Talata aka naɗa bakaniken layinmu Babban Mataimaki na Musamman kan Harkokin Tafi. Ranar Laraba ya kulle gareji ya canza lambar waya. Ranar Alhamis motata ta mutu a ƙofar gida, kamar ta ji labari.

Ban ga laifinsa ba. Mutumin da ya shekara ashirin yana rantse mini cewa "gobe za ta tashi" ai ya daɗe da cancantar kujera a wajen manya. Allah ya ja zamanin Mai Girma Sarkin Alkawari, da ya san inda ake tono gwanaye.

Autata ta zo da yamma, ta zagaya motar sau ɗaya, ta taɓe baki.

"Baba, zuwa ƙarshen wata. In ba ta tashi ba, 'yan gwangwan zan kira su auna ta."

"Motar da ta kai uwarki asibiti ranar da za ta haife ki?"

"Ita fa. Tun ranar take tari."

Shekara uku ke nan da rasuwar uwar tata, kuma wannan akwala ce kaɗai ta rage a gidan da ke yi mini musu. Ba zan bari a ɗora ta a sikeli ba. Iya ruwa fid da kai, sai na share rumfar mota na kafa garejin kaina.

Da yake ni mutumin littafi ne, da littafi na fara, mai shafi ɗari huɗu da zane-zane. Sannan jak, da dungu biyu na tare taya, da sifanu tun daga lamba takwas har ashirin da biyu, da filaya, da tocila, da tsohuwar roba ta tarar baƙin mai. Maƙwabcina Tela ya ba ni buhun tsumma. Na kafa ƙusoshi a bango, na zana siffar kowace sifana da alli a inda za a rataye ta. Kwana huɗu ina wannan hidima. Motar kuwa ko taɓa ta ban yi ba.

Tela ya leƙo ta katanga. "Shehin Littafi, yaushe za a gayyace mu bikin buɗewa?"

"Sai an kammala tsare-tsare."

"Wallahi kai ma ka isa muƙami. Ga ofis, ga kayan aiki reras, ga mota tana nan inda take. Kwamiti kawai ya rage ka kafa."

Gaskiya ɗaci gare ta, balle daga bakin tela, wanda shi ma alkawarinsa sai a hankali. Washegari na buɗe shafi na tamanin da bakwai. Littafin ya ce in inji yana juyawa bai kama ba, a tuhumi famfon mai. Ai dole ya toshe. Man da muke wuni a layi mu saya, rabinsa fetur ne, sauran kuma sirrin manya. Ga titinmu, da aka yi bikin buɗe shi sau uku, ramukansa suna dama shi a tanki kyauta.

Famfon yana ƙarƙashin kujerar baya. Noti huɗu ne ke riƙe da kujerar. Uku, da ramukan titi suka riga suka sassauta, suka fito da ladabi, na huɗun ya kafe kamar mai kujerar da wa'adinsa ya cika. Ina nishi, ina gumi, har Tela ya tsallako.

"Haba Shehi, ɗaure shi kake yi! Hagu ake kwancewa. Wannan ba ya cikin littafin?"

Yana ciki, a shafi na biyu. Na tsallake shi ne don na ga ya yi mini ƙanƙanta.

Muka wanke rariyar famfon, muka mayar, muka ɗaure. Na murɗa makulli. Ta yi tari biyu, ta kama. Tela ya dinga tafi, na ce ya sassauta kada a ji a naɗa shi. Na kira Auta, na kara wayar a bakin salansar motar.

"Na ji, Baba," in ji ta tana dariya. "Ta sha. Sai kuma wani watan."

Akwai dai abin da ban gaya mata ba. Da muka ɗaga kujerar nan, cikin ƙura da marafan biro, sai ga tabarauna na karatu a kwance. Shekara tara da ɓatansa. A lokacin na rantse uwar Auta ce ta haɗa shi da shara ta zubar, na yi kwana uku ina amsa gaisuwarta da ka. Ita kuwa cewa ta yi, "Duba mota mana. Ai kwanciya kake a baya kana karatu in kana layin mai." Na ce na duba.

Na so in ɗora wa Mai Girma wannan ma, tunda layinsa ne ya kwantar da ni a kujerar. Na juya maganar ta kowace fuska, ta ƙi zama. Laifi tudu ne, kuma na daɗe ina tsaye a kan nawa ina hangen na manya.

Na goge tabarau da bakin riga, na saka. Har yanzu yana nuna rubutu garau.

Uwar Auta, a mota yake. Ban duba ba.