Furannin da Na Kai Biki Anka

Ba zan taɓa mantawa da bikin ƙawata Hadiza ba, ko da kuwa kowa ya manta (kuma wallahi ba su manta ba). Tun da na dawo Gummi daga hidimar ƙasa a Abuja, kaina ya ɗau zafi. Na ga yadda ake sayen furanni a can, sai na ce ai ni ce zan buɗe shagon furanni a garinmu. Na cika bayan ɗakinmu da bokitan fenti, na dasa, na yi ta ban ruwa. Har na yanke shawarar ajiye aikin koyarwa a firamare, aikin da da shi muke ci ni da Inna.

Inna ba ta hana ni ba. Cewa kawai ta yi, "Kada ki aje aikinki tukun. Ki tahi da su bikin Hadiza, mata na nan tare. In sunka so, kin ga kasuwa."

Na ce ai wannan mai sauƙi ne. Ranar biki na yanko mafi kyawunsu, na ɗaure da jan zare, na shiga motar Anka ina ta washe baki. Abin da ban lissafa ba shi ne rana. Mu huɗu a kujera, ga buhun albasa a ƙafata. Kafin mu isa, furannin nan duk sun sunkuyar da kai kamar yaran da suka makara.

To, a gidan su Hadiza ba a ɓoye gudummawa. Tabarma ake shimfiɗawa a tsakar gida, gwaggon amarya, Gwaggo Asabe, ta riƙa ɗaga kaya ɗaya bayan ɗaya tana faɗin mai shi, mata na guɗa. Wance atamfa. Wance kwanuka. Wance turaren wuta. Ni kuwa, uwar iyayi, na ratsa mutane na ɗora nawa a kan kayan, na koma na harɗe.

Gwaggo Asabe ta ɗaga. Ta juya shi, ta shinshina, ta leƙa ƙarƙashi ko akwai wani abu a maƙale. Babu. 

"Malama ta Gummi ta kawo... ganye," in ji ta. Sai ta dube ni da iyakar gaskiyarta. "Ɗiyata, wanga na miya ne ko na wanka?"

Na ce, "Na kallo ne, Gwaggo."

"Na kallo? To, mun gani. Allah shi saka."

Wayyo! Ba guɗa, sai dariya. Wata tsohuwa har da hawaye. Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Ni da na zo neman masu saye, ko mai tambayar kuɗinsa ban samu ba. Tsuntsun da ya ja ruwa ai shi ruwa kan doka.

Hadiza ce ta cece ni, Allah Ya saka mata. Ta aiko daga ɗaki aka kai mata, ta rungume abin nan duk ya yi yaushi, ta ce da shi za a yi mata hoto. Ba don yana da kyau ba, ni ma na sani. Don kada in tafi da kunya ne. Da aka gama hoton ta ajiye a bakin ƙofa, akuyar gidan ta zo ta yi abin da ya dace (ita kaɗai ce ta nuna sha'awa ta gaske a ranar).

Da na koma gida na zayyana wa Inna komai. Ba ta yi dariya a gabana ba, sai da ta shiga madafa na jiyo ta. Washegari na saɓa jakata na tafi makaranta da sassafe, ban taɓa jin daɗin ƙurar alli kamar ranar ba. Na gode wa Allah, na gode wa Inna da ta tura ni Anka kafin in yi wa kaina sakiyar da ba ruwa.

Furannina suna nan a bayan ɗaki, ina kallon abina, tunda na kallo ne. Yanzu duk sana'ar da ta faɗo mini a rai, sai in tambayi kaina: in Gwaggo Asabe ta ɗaga ta a tsakar gida, me za ta ce na kawo?