Babban Yatsana da Bindigar Surukina

Ba zan taɓa mantawa da ranar da babban yatsana ya tona mini asirin shekara talatin ba, kuma ya zaɓi ya yi hakan a gaban surukina da aminina.

Ni haifaffen unguwar Misfala ne, a Makka. Sana'ar da na tsufa a cikinta ita ce tura arabiyya, keken nan da ake ɗora tsofaffin alhazai a yi musu ɗawafi da Safa da Marwa. Sana'a ce ta halal, da ita na aurar da 'ya'ya biyar. Amma saboda wauta irin tawa ban taɓa ganin ta isa labari a majalisa ba. Sai na ɗauko wani aikin gadi da na yi a ƙofar wata hema a Mina, hajji ɗaya tak, ina saurayi, na yi ta yi masa kitso. Da farko cewa nake na tsare ƙofa. Daga baya na ce da bindigar hannu a ƙuguna. Kafin gemuna ya yi fari har na zama wanda ke harbo gwangwani daga nesa. (Abin da aka ba ni a Mina usur ne da tocila. Tocilar ma ba ta kamawa sai an bubbuga ta.)

Mijin 'yata Maryam sunansa Abdul'aziz. Yaro ne mai ladabi, jikan Hausawa kamar ni, amma Larabci ya cinye masa harshe, in ya yi Hausa sai ka ce yana tafiya a kan tsakuwa. Na raina shi ƙwarai. A bayan idonsa “ɗan esi” nake kiransa, wai bai san zafin rana ba. Ya daɗe yana neman aiki, har Allah ya sa ya samu a wani wurin koyon harbi mai lasisi da ke hanyar Jidda, bayan an fita iyakar Harami. Wata uku na gwaji suka ba shi. Aikinsa ya duba bindigogi, ya tsaya kusa da mai harbi ya koya masa. A lokacin Maryam tana da tsohon ciki.

Aminina Alhaji Sale, mai shagon turare a unguwar Kudai, shi ya haƙa mini ramin. Shekara da shekaru yana jin labarin Mina yana murmushin da ban so. Da ya ji aikin yaron sai ya ce ai lokaci ya yi da za a kai gwani ya nuna wa yara. Na ce gwiwa. Ya ce ba da gwiwa ake harbi ba. Na ce ido. Ya ce ai jiya na hango kuskuren canji daga ƙofar shago. Haka dai wata Asabar bayan la'asar na tsinci kaina a motarsa.

Abdul'aziz ya tarbe mu da murna, ya sa mana abin toshe kunne da tabarau. Ya ajiye bindigar a kan teburi bakinta na kallon takardar da ake auna, ya fara bayani. Ya nuna mini wani ɗan ƙarfe a gefenta da suke kira aman. In yana sama, bindiga a kulle take. In an danna shi ƙasa, ta buɗe. Ya ce babban yatsa ya kwanta a samansa, ya zauna a nan har a gama.

“Ya Ammi, a sama, ba a ƙasa ba,” in ji shi. (Ammi shi ne baffa da Larabci.)

Na dube shi sama da ƙasa. Na ce, “Yaro, na riƙe wannan abu tun ubanka bai yi aure ba.”

Ya koma gefen damana, inda ba ya iya ganin yatsan. Ni kuwa na damƙi bindigar yadda hannuna ya saba damƙar komai, wato yadda ake riƙe hannun arabiyya in za a gangara da Hajiya mai jiki: yatsu huɗu a naɗe, babban yatsa a ƙarƙashi, a matse da ƙarfi. Na yi bisimilla na ja kunama.

Ta tashi. Ban san haka take zabura ba, sai da haƙorana suka haɗu. Takardar kuwa ko ƙura ba ta ji ba. Na sake jan kunama, shiru. Na ja da ƙarfi, shiru. Abdul'aziz ya karɓa a hankali, ya ce aman ya koma sama, ya danna, ya harba biyu duka a tsakiya, ya mayar mini. Ya so ya gyara mini hannu, na ture shi da gwiwar hannu. Harbi ɗaya, ta sake mutuwa. Muka yi haka sau uku. Alhaji Sale yana baya yana cewa wataƙila ta fi sabawa da iskar Mina.

Wannan maganar ce ta kwance mini kai. Na ajiye bindigar, na cire abin kunne, na ɗaga murya da Larabci yadda kowa zai ji. Na ce bindigar lalatacciya ce, mai kulle kanta ba a duba ta ba, kuma wanda ya miƙa wa dattijo irinta bai san aikinsa ba. (Ina faɗa ina jin daɗin muryata. Allah ya yafe mini.)

Mudirin wurin, wato manajansu, ya fito, wani Balarabe mai sanyin magana. Ya tambayi wanda ya duba bindigar da safe. Abdul'aziz ya ce shi ne. Mudir ya ce a kulle ta a kai ofis, shi ma ya biyo shi su rubuta takarda, don ma'aikacin gwaji ba a ɗaga masa ƙafa a kan irin wannan.

Na dubi yaron. Ya san bindigarsa lafiya take, ya kuma gane inda matsalar take, amma bai ce daga surukinsa take ba. Ya sunkuyar da kai kawai ya ce, “Hadir,” wato an gama. Ɗan esin da nake rainawa zai ajiye aikinsa, da matarsa mai ciki a gida, don kada a ce tsoho ya yi ƙarya.

Ina so in ce nan take na yi magana. Ban yi ba. Sai da suka kai ƙofar ofis, ina tsaye ina lissafin ko akwai hanyar da zan ceci yaron in kuma ceci Mina. Babu.

Na kira mudir. Na ɗaga hannuna babu komai a ciki, na nuna masa yadda na riƙe. Ya dubi yatsan, ya ce to ai duk zaburar da ta yi, ni nake tura aman sama da kaina. Ya tambaya cikin ladabi a ina na koyi wannan riƙo.

Na ce, “Tsakanin Safa da Marwa. Ban taɓa riƙe bindiga ba sai yau.”

Alhaji Sale bai yi dariya a wurin ba. Ya adana ta har mota, ya yi ta kashi-kashi har Kudai, yana tambaya ko usur ɗin ma yana da aman.

Abdul'aziz ya gama wata ukunsa, sun tabbatar da shi. Bai taɓa tayar da zancen ba, ko ga Maryam, ni na gaya mata da bakina. Ranar sunan ɗansu na ja shi gefe na roƙi gafara, ya ce da Hausarsa mai ɗingishi wai babu komai, hannu mai ƙarfi ne da ni.

A majalisa yanzu labarin arabiyya nake bayarwa, kuma ashe ana saurare. Abin da na koya shi ne, baki zai iya riƙe ƙarya shekara talatin, amma hannu ba a gaya masa ba, aikin da ya yi kawai ya sani. In ɗan zamani ya ce maka yatsa a sama, ka sa shi a sama.