Awaki Biyar na Alhaji Saminu

Duk wanda ya ce ƙasar Kibiya ba ta haifi masani ba, to bai taɓa zama a bakin shagon Alhaji Saminu ba. Kai, Allah ya yi wa bawan nan baiwa! Wani sai ya shekara goma a ƙasar waje ya dawo bai san komai ba sai hanyar kasuwa. Shi kuwa kwana tara ya yi a birnin Guangzhou na ƙasar Sin, biyu daga ciki ma zazzaɓi ne ya kwantar da shi, amma ya dawo da garin kacokan a cikin kansa.

Asalinsa mutumin Fammar ne, yana sayar da injin ban ruwa da kayan gyaransa a Rano. Wani ɗan uwansa, babban ɗan kasuwa a Kano, shi ya ɗauke shi rakiya zuwa duba injina. Kafin tafiyar nan, ruwa mafi girma da Alhaji ya sani shi ne dam ɗin Tiga, shi ma daga gaɓa yake gaishe shi. Da ya dawo kuwa, ba shi da zance sai na teku da jiragen ruwa, har masu gyaran babur na kusa da shagonsa suka naɗa shi Sarkin Teku. Ya karɓi sarautar hannu biyu-biyu, bai ma ji dariyar da ke cikinta ba.

Ka je sayen 'yar roba, sai ka sha karatu kyauta.

"Ku fa ba ku ga duniya ba," haka yake farawa, yana gyara zaman hula. "Garin Guangzhou ɗin nan, sama da shekara dubu biyu jiragen ruwa na sauke kaya a bakinsa. Akwai kogi, Kogin Lu'ulu'u, na shiga jirgi a kansa ni da kaina. Akwai hasumiya mita ɗari shida, in ka hau ka leƙo, duwatsun Rano ɗin nan da kuke taƙama da su ba su fi murhu ba. Akwai tsohon masallaci wanda da hasumiyarsa jirage ke gane hanya tun zamanin da. Da na shiga, wani dattijo har gyaɗa mini kai ya yi. Sun san mutane."

Hasumiyar mita ɗari shida dai bai hau ba. Da ya ɗaga kai zai hango ƙarshenta, hularsa ta faɗi, ya ɗauke ta ya juya abinsa. Amma wannan ƙaramar magana ce, ai masani irin Alhaji ba sai ya hau abu yake sanin abin da ke samansa ba.

To, akwai abu ɗaya da ya tsaya masa a rai: kujerar shugaban ƙungiyar manoman shinkafa ta Fammar. Mahaifinsa ya taɓa riƙe ta, kuma Alhaji yana sonta, so na gaske. Yana jin ciwo ƙwarai a ce ya ƙetare teku ya dawo, amma a garinsu har yau "Saminu mai inji" ake ce masa. Wanda ke kan kujerar, Malam Shitu, mutum ne da ba ya buɗe baki sai a kan taki ko rabon ruwa, kuma tunda aka haife shi bai taɓa wuce Zariya ba. Ina wannan zai kai manoma?

Ranar zaɓe ita ce ranar musayar iri. Al'adar ƙungiyar ce, bayan girbi kowane manomi ya zo da damin zangarniyar da ya tsinto ɗaya bayan ɗaya daga mafi kyawun gonarsa. A shimfiɗa su a tabarmi a gindin tsamiya, a duba, a murza, a ciza, wanda ya ga irin da ya yi masa ya nemi musaya. In an gama sai a ɗaga hannu a zaɓi shugaba. Alhaji ya ƙudura a ranar zai nuna wa Fammar abin da ba ta taɓa gani ba.

A cikin duk abubuwan kallon birnin, wanda ya fi alfahari da shi wata sassaƙaƙƙiyar siffa ce ta awaki biyar a kan tudu, a wani lambun shaƙatawa. Yana da hotonsa a gabanta, ya sa an wanke masa shi babba an saka a gilashi. Mai yi musu jagora ya ba su labarin, wai a can da yunwa ta addabi garin, sai waɗansu mutane biyar suka sauko a kan awaki biyar, da zangarniyar shinkafa a bakin awakin, daga ranar garin bai sake yunwa ba. Alhaji ya ce shi ke nan, sirrin arzikin Sin ya faɗo hannunsa. Abin da ya rage kawai a nemo awaki.

Ya tafi wurin yayarsa Laraba, wadda ta goya shi yana ƙarami, ita ce mai garken awaki a gidansu. Ta saurare shi har ya gama, tana tankaɗe.

"Saminu, akuya fa ka ce? Da shinkafa a baki?"

"Yaya, wannan harkar ƙasa da ƙasa ce, ba za ki gane ba."

"Allah ya ba da sa'a," in ji ta. Ta ba shi awaki huɗu da bunsuru ɗaya.

Aka wanke su da sabulu, aka ɗaura wa kowacce jan ƙyalle a wuya, domin mutanen Sin suna son ja. Ana jibi taro ya yi gwaji. Awakin sun cika ciki da harawa, ya miƙa musu zangarniya, suka shinshina suka kau da kai. A nan ne fa ilimin ƙetare ya yi aikinsa. Alhaji ya gano cewa ƙoshi ne ya hana su karɓa, saboda haka ya ba da umarni kada a sake ba su ko tsinke har ranar taro. Yaya Laraba ta dubi fuskarsa, ta je ta kwashe harawar.

Ranar taro da hantsi, fili ya cika. Tabarmi sun fi ashirin, kowacce da zangarniya jere gwanin sha'awa. Can gefe an tara duwatsu an yi ɗan tudu, an kewaye shi da zana, awakin na ciki a ɗaure da igiya ɗaya a turke ɗaya. Hoton gilashi yana jingine a jikin tsamiya. Sarkin Teku ya miƙe cikin babbar riga mai aiki har ciki, ya yi gyaran murya.

"Jama'ar Fammar! Ni ba da ka nake magana ba, da ido na gani. Mutanen da suka gina hasumiyar da take taɓa gajimare, daga ina suka fara? Daga akuya da shinkafa! Muna da akuya? Muna da ita. Muna da shinkafa? Ga ta nan. Me muka rasa? Shugaba mai hangen nesa! In kun ba ni kujerar nan, na rantse sai an riƙa zuwa Fammar daga ƙasashen duniya ana ɗaukar hoto. Ku buɗe ido ku ga Guangzhou!"

Ya fizge zana. Ya miƙa wa bunsuru zangarniya cikin isa, yana juyo da fuska wajen masu waya don a ɗauka. Kafin ya gama murmushi bunsuru ya haɗiye ta, ya haɗa da bakin hannun rigar. Sannan ya ɗaga kai ya hango tabarmi.

Wayyo! Fizga ɗaya ya yi, turken ya fito. Awaki biyar masu yunwar kwana biyu suka gangaro daga tudun Guangzhou suka afka wa irin shekara mai zuwa. Dattawan da aka san su da ciwon gwiwa sai ga su suna tsalle. Wani ya rungumi daminsa ya ruga, wani yana jifa da takalmi, ana ta salati. Malam Shitu, wanda bai taɓa wuce Zariya ba, ya duƙa aiki. Tabarmi ya riƙa naɗewa da irin a ciki, ɗaya bayan ɗaya, ya ceci fiye da rabi. Alhaji yana tsaye a kan tudu yana ɗaga hannu yana cewa a kwantar da hankali, wannan ba ya cikin tsari.

Kawu Alu ne ya kawo ƙarshen abin. Bafulatani ne, makiyayi, wanda ya shiga noman shinkafa da girmansa. Ya taka igiyar da ƙafa ɗaya, ya tattaro awakin ya ɗaure a jikin tsamiya. Sai idonsa ya faɗa kan hoton. Ya durƙusa ya daɗe yana dubawa, domin Alhaji ya cinye fiye da rabin hoton, awakin sai an leƙa ta bayan kafaɗarsa.

"Alhaji, waɗannan na hoton, me ake ba su suke ci?"

"Ci kuma, Kawu? Ai na dutse ne."

"Ayyo, na dutse," in ji Kawu Alu, yana gyaɗa kai. "Kuma duk da haka ɗaya kaɗai suka yarda suka ba wa shinkafar. Lallai mutanen nan sun san akuya."

Alhaji ya matso ya duba. Wallahi haka ne, babban ne kaɗai ke riƙe da zangarniya. Ranar ce ya fara kallon awakin da kyau, domin minti huɗun da ya yi a gabansu a ƙasar Sin, baya ya ba su yana gyara hula. Kunya ta kama shi, irin wadda bai ji ba tun yana yaro.

Da ƙura ta lafa aka zo zaɓe. Aka kira sunan Malam Shitu, hannuwa suka tashi har da na waɗanda ke riƙe da guntun dami. Aka kira sunan Alhaji Saminu, hannu ɗaya ya tashi, mai yagaggen bakin riga.

Kada dai a ce ba shi da magoya baya. Yana da su har biyar, ga su can a jikin tsamiya da jan ƙyalle a wuya, ciki ya yi taf, suna tuƙa suna kallonsa da idon godiya. Sai dai dokar ƙungiya ba ta ba akuya ƙuri'a ba.