Mai Katifar Da Ya Ƙi Mutuwa

A duk layin masu kayan ɗaki, daga mai labule har mai kujeru, babu wanda Allah ya hore wa jarumta irin mai katifa. In kuna shakka ku tambaye shi. Mutum ne mai faɗin ƙirji, mai tumbin da yake riga shi shiga ko'ina da taku biyu, mai muryar da in ya ce "Ina direba?" sai tantabarun kan rufi sun watse. Shekara ashirin yana sayar wa jama'a abin kwanciya, amma shi a ganinsa an halicce shi ne don maza su ji sunansa barci ya ƙaurace musu.

Abu ɗaya ne ya ɗan ɓata wa wannan jarumta suna. Wata rana da rana tsaka ɓarayi biyu suka faɗo shagonsa, ɗaya da sanda, ɗaya da wani mugun makami da daga baya aka gane famfon keke ne. Gwarzon namu, cikin dabara irin ta manyan mayaƙa, ya kutsa tsakanin katifu biyu masu inci goma ya yi lamo. Ɓarayin suka ɗauki rediyo da takalminsa suka yi gaba. Sai wajen la'asar aka gano inda yake, shi ma minsharinsa ne ya tona shi, direbansa da mai labule suka jawo shi ta ƙafa. Tun daga ranar layi ya raɗa masa suna Tsakar-Soso. Ba a faɗa a gabansa, amma yana jin sunan a bayan ƙeyarsa duk sanda ya wuce, kuma wallahi abin yana ci masa rai ƙwarai. Ba shi da burin da ya wuce ya kankare wannan suna daga bakin mutane.

Ana haka sai ga wani darakta, siririn mutum mai jajayen idanu, ya zo neman katifa mai araha wadda 'yan wasa za su riƙa faɗuwa a kai. Fim zai yi na 'yan daba. Ƙungiya biyu ce, 'Yan Gada da 'Yan Tasha, suna yaƙi a kan wani tsohon gareji. Ana tsaka da yaƙin sai na hannun daman shugaban 'Yan Gada ya ci amanarsa, ya harbe shi, ya tsira shi kaɗai. Mai katifa ya saurara har ƙarshe, idanunsa suna ƙyalli. Nan take ya ce ya ɗauki nauyin fim ɗin kacokan, bisa sharaɗi uku: shi ne shugaban 'Yan Gada, sunansa a ciki Gagara-Ajali, kuma ba zai mutu ba.

Darakta ya ce, "Yallaɓai, ai labarin cin amana ne. In shugaba bai mutu ba, amanar wa aka ci?"

Mai katifa ya miƙe, ya zagayo daga bayan kantar shagon, ya ɗora hannu a kan wata katifa mai fulawa. "Malam darakta, kai boko ka yi, ni kuma duniya na yi. A ci amanata, na yarda. A harbe ni, na yarda, a ƙirji ma, kada a yi mini rowa. Amma duk layin nan za su zo kallo, mai labule zai zauna a gaba. Ka taɓa jin inda aka tara maƙwabta aka mutu a gabansu? Ni ne zan tsaya a ƙarshe, ƙafa biyu, kowa yana ƙasa!"

Darakta ya kalli katifun, ya tuna kyamarar aro da ke jiransa, ya ce to. Matsayin maci amana kuwa aka ba direban mai katifa, dogon dattijo mai tabo a kumatu. Murfin mota ne ya yi masa tabon, amma a hoto sai ka rantse wuƙa ce. Shekara goma sha biyu yana jan maigidansa, bai taɓa cewa komai ba bayan "To, Maigida".

Ranar farko ta ɗauka, Gagara-Ajali ya iso gareji cikin baƙar kwat har gwiwa, ana zafin da ƙarfe ke ƙona hannu. Ga baƙin tabarau, ga zobba huɗu, ga sanda mai kan zaki wadda a da mariƙin labule ce. Tabarau ya hana shi gani, ya yi karo da tsohuwar taya ya tafi luu, aka tare shi. Ya ce gwaji ne yake yi wa yaransa, kuma sun ci.

Daga nan ya shiga gyara wa darakta aiki, don mai ilimi ba ya iya ganin ɓarna ya yi shiru. Ya lura cewa 'Yan Gada da 'Yan Tasha suna zama wuri ɗaya suna raha in an tafi hutu, abin ya ɓata masa rai. Ya ce gaba ba ta shiga jini a haka. Ya ba da umarni daga yau 'Yan Gada su ci abincin rana da nama, 'Yan Tasha su ci gaya. Kai jama'a, aka samu gaba kuwa! Kwana biyu aka yi ana harara ta gaske, a na uku 'Yan Tasha suka fara sauya sheƙa. Da safe mutum yana ɗaure da jan ƙyallen 'Yan Tasha yana rantsuwa sai ya ga bayan Gagara-Ajali, ƙarfe ɗaya na yi sai ka gan shi da baƙin ƙyallen 'Yan Gada a layin nama. Kafin mako ya ƙare abokan gaba sun koma mutum biyu, ɗayansu ma ciwon haƙori ne ya tsare shi. Dole darakta ya riƙa kashe mutum biyun nan yana sake musu hula yana ƙara kashe su. Mai ciwon haƙori shi kaɗai ya mutu sau tara.

Maganganun da aka rubuta masa ma bai bar su haka ba. Inda takarda ta ce ya dubi abokin gaba ya ce "Kwananka ya ƙare," sai ya cire tabarau, ya matso da fuska dab da kyamara. "Yau zan kwantar da kai kwanciyar da ko katifa mai inci goma sha biyu ba ta bayarwa, wadda muke da ita launi uku, kuma muna kaiwa har gida!" Darakta ya dafe kai. Gagara-Ajali ya ɗauka tsabar burgewa ce, ya maimaita masa sau biyu kyauta.

Kullum in an ci abincin rana, yakan hau babbar kujerar shugaba a ƙuryar gareji, ya ce zai yi nazarin fitowa ta gaba, kada kowa ya dame shi. Nazari ne mai zurfi, yakan kai awa biyu, kuma ana jin sautinsa har bakin titi.

Sai ranar harbi ta zo, ita ce kuma rana ta ƙarshe, don mai gareji ya ce da yamma zai shigo da motocinsa ko an gama ko ba a gama ba. Darakta ya lallaɓa ya ce a ɗauki mutuwar ko sau ɗaya, don ajiya kawai. Aka ɗaura masa ledar jan ruwa a ƙarƙashin riga, aka shimfiɗa katifa a bayansa. Direba ya ɗaga bindigar roba. Tau! Leda ta fashe, farar riga ta yi ja. Gagara-Ajali ya dafe ƙirji, ya yi tangaɗi hagu, ya yi dama, ya waiwaya ya kalli katifa, kowa ya riƙe numfashi. Sai ya miƙe ƙyam ya karkaɗe kwat.

"Kai ƙaramin maci amana! Harsashi ne yau ya fara ganina? Ni da nake karya kumallo da shi!"

Sau goma sha ɗaya aka yi. A na huɗu ya ce ya cafe harsashin da hannu. A na bakwai ya faɗi har ƙasa, darakta ya fara hamdala, sai ya ɗago kai ya sanar cewa suma ce ta dabara. A na goma sha ɗaya jan ruwa ya ƙare. Darakta ya ce to a yi yadda yallaɓai yake so. Aka kwantar da kowa a ƙasa, har mai riƙe fitila, Gagara-Ajali ya taka taya da ƙafa ɗaya ya yi jawabin minti ashirin a kan jarumta. Ya sauko zuciyarsa fara tas, ya ci abinci faranti biyu, ya hau kujera da jiƙaƙƙiyar rigarsa don ya ɗan yi nazari. Abin da ya gani na ƙarshe kafin nazarin ya ɗauke shi, direbansa ne yana raɗa wa darakta magana yana nuna agogo. Ya yi murmushi, don ya san yabonsa suke yi.

Bayan wata biyu aka sa ranar nuna fim a wani babban zaure. Mai katifa ya buga katin gayyata mai hotonsa gaba da baya, ya rufe shago, ya sa aka ajiye wa mai labule kujera a sahun farko, kusa da inda shi da matarsa za su zauna. Kafin a kashe fitila ya hau dandamali.

"'Yan uwa maƙwabta, akwai waɗanda suka daɗe suna yi mini wani kallo. Ban riƙe kowa a zuciya ba. Abin da nake roƙo kawai, masu raunin zuciya su matsa kusa da ƙofa, kuma in an tashi kada kowa ya ji tsoron gaishe ni. Ni ɗin dai naku ne."

Fim ya fara. Aka yi ta faɗa, mai ciwon haƙori ya yi ta mutuwa, jama'a suna dariya a wuraren da mai katifa bai ga abin dariya ba, ya ce a ransa firgici ne yake fita ta haka. Aka zo ƙarshe. Direba ya ɗaga bindiga, tau, riga ta yi ja, Gagara-Ajali ya yi tangaɗi hagu, ya yi dama. Mai katifa ya gyara zama, ya zunguri mai labule da gwiwar hannu, don yanzu ne zai miƙe.

Bai miƙe ba. Hoto ya sauya, sai ga shi a kan babbar kujera, kai ya langaɓe gefe, baki a wangame, hannu ɗaya yana lilo, ƙirji jina-jina. Aka saki wani kiɗa mai tsinka zuciya. Wani ƙuda ya zo ya sauka a leɓensa, ya zagaya, ya leƙa ciki, ya goge hannuwa, mutumin ko gezau. Wata mata a baya ta fashe da kuka. Mai labule kansa, wanda ya zo da niyyar dariya, ya share ido da hannun riga ya ce bai taɓa ganin gawa mai kyau irin wannan ba. Mai katifa kuwa gumi ya karyo masa, don ya hango abin da ba wanda ya lura da shi: farantinsa a ƙarƙashin kujera, da cokali a ciki.

Da ma a nan abin ya tsaya, da an tashi da sauran mutunci. Amma matar mai katifa, baiwar Allah mai gaskiya, wadda ba ta iya raɗa ba tun tana yarinya, ta ce, "La, ai wannan barcin baban yara ne na bayan abinci! Haka numfashinsa yake ɗaukewa. Ku ƙirga zuwa ashirin, yanzu zai ja minshari."

Zaure kuwa ya ɗauka baki ɗaya, ɗaya, biyu, uku. Darakta ya san aikinsa, a kan goma sha tara ya yanke hoton. Mai labule ne ya cike na ashirin ɗin da hancinsa, ya ja shi tiryan-tiryan yadda ya ji shi ranar da suka jawo mutumin daga cikin soso. Sai da aka fitar da mutum biyu waje saboda dariya ta shaƙe su.

A bakin mota mai katifa ya tare direbansa, ya ce ashe cin amanar har da ta gaske. Direba ya buɗe masa ƙofa kamar kullum, ya ce, "Maigida, shekara goma sha biyu ina zaune a rana ina jira ka gama nazarin nan. Na ce bari dai yau ya yi wa wani amfani."

Fim ya karɓu, ba a magana. Duk wanda ya kalla ya ce faɗan shirme ne, amma mutuwar ta isa a sake kallo. Cikin mako guda daraktoci uku suka aiko, kowa yana neman mai katifa ya fito masa a gawa, ɗaya har da alkawarin shi zai kawo abincin rana. Mai katifa ya shaida wa layi cewa manyan kamfanoni suna rububinsa, yana kan nazarin tayinsu, kuma an ji sautin nazarin daga bayan kanta.

Burinsa dai ya cika, don sunan Tsakar-Soso ya ɓace daga layin ɗungurum, ko yara ba sa tunawa da shi. Yanzu Marigayi ake ce masa, kuma a gabansa.