Yadda Ake Zuba Dakin a Kwana Uku, Tsarin Dabo Birkila

Kana son a riƙa kiran ka Injiniya daga Daura har Kongolam, alhali ba ka san kan siminti ba? Bi matakan nan, tabbas sunanka zai fita. Da su Dabo birkila ya zuba wa Alhaji Isyaku dakin, wato rufin kankare, na sabon shago a hanyar Mashi.

1. Sayi hular kwano
Fara, mai sheƙi. Ka maƙala biro a kunne. Rabin ilimin ke nan.

2. Ji tausayin siminti
Marasa aikin yi ne ke auna kwano ɗaya na siminti, biyu na yashi, huɗu na tsakuwa. Dabo da ido yake awo. Yashi kuwa kwaso na bakin hanya, da ƙasarsa da kashin awakinsa. Ai duk halittar Allah ce.

3. Tsinka kwaɓin
Zuba ruwa har ya koma kamar koko. Ya fi daɗin shebur. Rodi ma ka ba su tazara, ba 'yan uwan juna ba ne.

4. Hana shi ruwa bayan zubi
Wai sai an yi mako ana jiƙa kankare kafin ya yi ƙwari. Da Alhaji ya ce, “Malam Dabo, ba za a ba shi ruwa ba?” sai gogan ya amsa, “Ranka ya daɗe, gero na shuka?” Haddace wannan.

5. Cire katakon da ke riƙe da dakin ɗin rana ta uku
Ana jiran sa a wani aikin a Dutsi. In tsaga ta bayyana, shafe ta da filasta.

6. Kada ka taɓa tsayawa ƙarƙashi
Nan Dabo ya kwafsa, don ya manta cewa akwai masu halacci. Saurin aikin ya burge Alhaji, ya ce a gaban jama'a, “Shagon nan na Inno mahaifiyarka ne. Ta daina sayar da ƙuli-ƙuli cikin rana.”

Tsohuwa ta yi kukan murna, ta tare a ranar. Yanzu kullum da safe za ka ga Injiniya bisa rufi da bokiti, yana shayar da kankaren da ya daɗe da bushewa. Azara huɗu ya tokare a ciki. Inno ta tambaya, ya ce ado ne.

Gargaɗi: in naka ya rufta, ban san ka ba. Kafin ka kwaɓa dai, tambayi wa zai zauna a ƙasa.