Ƙwaron Wuyan Alhaji Imoro

Ba zan taɓa mantawa da wuyan Alhaji Imoro ba. Fuskarsa ta fara ɓace mini, muryarsa ma haka, amma wuyan nan yana nan daram a idona, musamman idan ruwa ya tsuge a nan tsibirin Borneo na rasa abin yi sai tunanin gida.

Ni ɗan zangon Salaga ne, sana'ata kuma ƙwari. (Ku yi dariyarku. Mahaifiyata ma har yau tana gaya wa maƙwabta ni dokta ne, ba ta dai faɗin na mene ne.) Karatun gona ya kawo ni Asiya, na ƙare ina tantance wasu 'yan mitsi-mitsin ƙwari masu dogon jiki da guntun fiffike, kamar wanda ya ari rigar ƙanensa, masu ɗaga wutsiya irin ta kunama. Mukan shiga daji mu tankaɗe ruɓaɓɓen ganye, mu zuƙe su da wata 'yar kwalba mai bututun roba biyu, ɗaya a baki, ɗaya a kan ƙwaron, da ɗan ƙyalle a tsakani don kada ya zarce maƙogwaro. Irinsu dubbai ne, kamanninsu kuma kusan ɗaya. Sau da yawa ba ka sanin wane ne wane sai ka sa namijin a ƙarƙashin madubin ƙara girman abu ka duba al'aurarsa. Kwalbar nan ba ta barin aljihuna, ko masallaci da ita nake zuwa.

Fuseina kuwa a jirgin ruwan Makango muka haɗu, wani hutu da na zo gida. 'Yar Yendi ce, tana karatun ungozoma. Tana cin soyayyen kifi ina ƙura mata ido, sai ta ce, "Malam, ni kake kallo ko kifin?" Na ce ƙudan da ke kan kifin nake kallo, gaskiyar ke nan kuwa. Ta yi dariya har ta sarƙe. Bayan na koma Asiya waya ta riƙe mu, ina azahar tana asuba. Na so yarinyar nan, so irin wanda ban san ina da shi a jikina ba.

Da damina ta zagayo na dawo neman aurenta. Mahaifina ya rasu, don haka Kawu Sule, wan mahaifiyata mai fataucin shanu a Bawku, shi ya zo da goro ya ja ni gidan mahaifinta. Ya ara mini batakarinsa, wata rigar saƙi mai nauyin tsiya, ya yi mini huɗuba tun daga cikin mota.

"Ka ji ko? Mutanen Yendi ba su son surutu. Ka tsuguna, ka duba ƙasa, kome aka ce ka amsa da 'Naa'. Magana nawa ne, ba naka ba."

Na ce ai wannan mai sauƙi ne, duban ƙasa shi ne aikina.

Bayan la'asar muka shiga zauren. Mahaifin nata, Alhaji Imoro, yana kan buzu, limamin unguwa a damansa, dattawa sun jeru, mata kuma a bayan labule. Na tsuguna ina ta "Naa, naa", Kawu yana zuba zance yana yabon asalinmu har ni kaina na fara burge kaina. Komai yana tafiya daidai, sai idona ya sauka a kan wani abu mai ja da baƙi yana tafiya a gefen tabarma.

Ɗan gidan su ƙwarina ne, kuma mugun cikinsu. Ba ya cizo, amma idan ka murƙushe shi a jiki ruwansa yana ƙona fata, ta tashi ta yi bororo kamar an watsa mata tafasasshen mai. Ina kallo ya hau gefen babbar rigar Alhaji. Na ce wa zuciyata ba ruwanki. Ya wuce aljihu, ya bi aikin zare, ya haye kafaɗa, ya sauka a wuya. Alhaji ya ji motsi, ya ɗaga tafin hannu zai kai masa mari.

Daga nan ban san wanda ya tuƙa jikina ba. Na dai tsinci kaina na tsallake kwanon goro, na cafke hannun dattijon nan da hagu, bututu a bakina, na kafa ɗaya bakin a wuyansa na zuƙa da ƙarfi, fyut!

Kowa a zauren ya zuba mini ido. Mai hankali a nan zai zube ya nemi gafara. Ni kuwa sai na ɗaga kwalbar sama wajen hasken ƙofa ina juya ta, ina murmushi.

Alhaji ya shafa wuyansa, ya dube ni a natse. "Yaro, wannan shi ne aikin da kake yi a can?"

"Naa."

"To, wane iri ne ka kama?"

Ko a nan da na sake cewa "Naa" da na tsira. Amma an tambayi malami karatunsa. Na ce, "Baba, ba zan iya sani ba tukuna. Sai na buɗe bayansa na ciro gabansa na duba."

Liman ya ce a'uzubillahi. Kawu ya sauke hula ya rufe fuska da ita. A bayan labule kuwa wata ta fashe da dariya har ta sarƙe, na kuma san ko wace ce.

Alhaji bai yi faɗa ba. Ya karɓi gaisuwa ya ce za su yi shawara. A mota, da muka kusa Bimbilla, Kawu ya ce, "Shekara nawa ina ciniki, ban taɓa ganin saniya ya ɓata kasuwan kansa kamar kai ba."

Kafin mako ya zagayo labari ya cika Yendi cewa saurayin Fuseina ya zuƙe wani abu daga wuyan ubanta ya rufe a kwalba. Aka yi rashin sa'a zazzaɓin damina ya kwantar da Alhaji, shi ke nan magana ta tabbata. Goggonninta suka rantse ba za a ba mai kama kurwa 'yarsu ba, aka mayar wa Kawu da goronsa. Fuseina ta kira ni tana kuka. Ta ce ta yi bayani har muryarta ta dushe, ba wanda ya saurare ta, ita kuma ba za ta iya tsallake maganar iyayenta ba. Ban ga laifinta ba. Yanzu tana aure a Kpandai, na ji har da 'ya'ya, kuma har gobe ina kewarta.

Ƙwaron kuwa na taho da shi nan. Na sa shi a ƙarƙashin madubi da zumuɗi, ina cewa ko ba komai zan san sunan wanda ya raba ni da matata. Ashe mace ce, ba abin da zan ciro in duba. Ko sunan ban samu ba.

Saboda haka ga shawarata ga duk mai zuwa gaisuwar surukai: idan ka ga ƙwaro a wuyan uban yarinya, ka sunkuyar da kai ka bar shi ya mare shi. Wuyan zai tashi, ya yi bororo, a shafa man kaɗe, kafin a sa ranar biki ya warke.